RA'AYINMU: KAFIN A TARE A GIDAN DA LANTARKI BAI KAI BA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, zangon karatu ya karkata, kuma ba da daɗewa ba waɗanda ke ajin ƙarshe za su ajiye alƙalami su tafi bautar ƙasa. Bayan bautar ƙasa sai neman aiki, bayan aiki sai aure, bayan aure kuwa sai maganar da ba ta ƙarewa, watau maganar muhalli. Kowa ya san yadda kuɗin haya ya koma a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kowa kuma ya san fulotin da ƙaramin ma'aikaci zai iya saye ba a cikin gari yake ba. Yana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare, inda turken lantarki na ƙarshe ya tsaya, inda bututun hukumar ruwa bai taɓa leƙawa ba. Saboda haka da yawa daga cikinmu, ko muna so ko ba ma so, gidanmu na farko zai kasance gidan da babu wutar layi babu ruwan famfo. Waɗanda ba su kai ga gini ba ma, iyayensu da yayyensu za su riƙa tambayarsu shawara, tun da su ne aka kai makarantar boko. Wannan ne dalilin da ya sa muka keɓe shafinmu na wannan fitowa domin wannan magana.

Abin da ya ƙara zaburar da mu shi ne irin hirar da ake yi a ɗakunan kwana da gindin itatuwa, inda za ka ji saurayi yana bugun ƙirji, yana cewa shi in ya tashi gini ba ruwansa da NEPA, sola kawai zai ɗora bisa rufi ya huta. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma wanda ya fita daga layin wuta da na ruwa, aikin da hukumomin nan ke yi ne ya tattaro ya dawo wuyansa. Daga ranar da ya tare, shi ne NEPA, shi ne hukumar ruwa, shi ne duba-gari, shi ne kuma akawun da zai tanadi kuɗin gyara. In wuta ta ɗauke masa da tsakar dare babu ofishin da zai kai ƙara. Ra'ayinmu shi ne zama a irin wannan gida abu ne mai yiwuwa, har yana iya fin zaman cikin gari kwanciyar hankali, amma bisa sharaɗi guda: a yi lissafi kafin a yi sayayya, a kuma bi abubuwa daki-daki. Fili ne farko, sa'an nan ruwa, sa'an nan gini, wuta ita ce ta ƙarshe.

Ba mu ga laifin wanda ya yanke ƙauna daga wutar layi ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, aka ƙara ta Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990. A 2005 aka sauya wa hukumar suna ta koma PHCN, daga 2013 kuma aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Duk da wannan sauye-sauye, a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85, watau kashi 43 cikin ɗari, ba su da wutar layi ko kaɗan. A watan Janairu na wannan shekara ta 2021 aka fasa turakun da ke kai wuta Maiduguri, birnin ya shafe watanni cikin duhu. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga waɗanda aka sanya a rukunin farko, sa'an nan a watan Oktoba na shekarar jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda ba su ga ƙyallin wuta ba. A ɗaya gefen kuwa, Allah Ya hore mana rana irin wadda Turawa ke mafarki, kuma tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a kasuwar duniya. Duk mai hankali dole ya waiwayi rana. Abin da muke jan kunne a kai shi ne gaggawa.

Mu fara da fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, shi ke ba da takardar mallaka a cikin birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da ta gargajiya a karkara. Yawancin fulotan bayan gari awon igiya ne, gona ce aka yanka aka sayar, ba tare da hukumar tsara birane ta sani ba. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka tabbata gonar ba ta gado ba ce da wasu magada ba su yarda a sayar ba, ka kuma bincika ko gwamnati ta yi niyyar fitar da hanya ta wurin. Wanda ya haƙa rijiya ya kafa farantai a filin da ake rigima a kansa ya yi hasara biyu, domin gini a rushe shi, rijiya kuma ba a ɗaukarta a ka. Bayan wannan, kada ka sayi fili da rani. Dillalai sun fi son kai mai saye a watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Ka koma cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, ka ga ko mota na iya shiga, ka dubi gindin katangun maƙwabta ko danshi ya ci su. Fadama ba ta mance hanyarta don an yi gini a kanta.

Na biyu shi ne ruwa, kuma mun sa shi gaba da wuta da gangan. Iyali na iya kwana cikin duhu su tashi lafiya, amma ba za su iya wuni babu ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai rayu da shi, lita 50 kuma ita ce ke isar sha da girki da wanka da wanki bisa matsakaici. Gida mai mutum shida ke nan yana bukatar lita 300 kullum, watau jarka 12 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turowa a kura. Ka tambayi kuɗin jarka a unguwar, ka ninka shi sau 12, ka sake ninkawa sau 30, sai ka ga ko albashinka zai ɗauka. Masu dogaro da ruwan sama kuma ga nasu lissafin. Milimita ɗaya na ruwa bisa murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 80, a wurin da ake samun milimita 800 a shekara kamar sassan ƙasar Kano, zai tara lita 64,000 kafin a cire wanda ya zube. Amma duk a cikin wata huɗu ko biyar yake sauka, rani kuwa wata bakwai ne, kuma a cikinsa gidan nan zai sha lita 63,000. Tankin roba mai lita 2,000 ba zai kai mako guda ba. Ruwan indararo taimako ne na damina, ba a kafa gida a kansa.

To, sai rijiya. A nan ma ba a yin gaba gaɗi, domin ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Ƙasar Zazzau da yawancin ƙasar Kano suna zaune ne bisa dutsen asali mai tauri, ruwa kuwa yana maƙale ne a tsagogin dutsen da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa za ka ga maƙwabcinka ya haƙa burtsatse ya sami ruwa, kai ka haƙa taku talatin daga tasa ka tarar da ƙura. A ƙasar Sakkwato da Barno, inda ƙasa take shimfiɗun yashi da laka, samun ruwa ya fi tabbas, ko da yake a wasu wurare sai an yi nisa ƙasa. Kuɗin da za ka ba masanin ƙasa ya yi awo kafin a kawo injin haƙa, shi ne kuɗi mafi albarka a cikin aikin duka. Ka kuma tambayi tsofaffin unguwar rijiyoyin da ke ƙafewa a watan Afrilu da waɗanda ba sa ƙafewa. In an sami ruwa, a kai shi ɗakin gwaji kafin a fara sha, domin ba duk ruwa mai garau ne ke da lafiya ba. A nisanta masai da rijiya da aƙalla mita 30, masai ya kasance ta gangare, a kuma lura da inda masan maƙwabci yake, don kwalara ba ta san iyakar fuloti ba. Dabara mafi sauƙi ita ce a sa famfo mai aiki da rana ya riƙa tura ruwa tankin sama da hantsi, da dare ruwa ya sauko da kansa. Tara ruwa a tanki ya fi tara wuta a batir araha nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne ginin kansa, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi hasarar wuta tun kafin a sayi waya ko ɗaya. Babban abin da ke cin wuta a ƙasarmu shi ne yaƙi da zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa yakan koma tanderu, ya tara zafi da rana ya riƙa sakinsa har asuba. Kakanninmu da ba su san fanka ba sun san maganin wannan. Sun yi gini da tubali, bango mai kauri, rufin soro da azara, tagogi ƙanana, tsakar gida a buɗe. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ɗakin sallah na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ko Gidan Makama a Kano, ya san sanyin da ƙasa ke bayarwa. Ba mu ce kowa ya koma ginin soro ba, amma darasin yana nan. A juya dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi ta gabas da yamma, a yi tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, a ɗaga rufi, a sa silin, a shafa farin fenti, a dasa darbejiya ta yamma inda inuwarta ba za ta faɗa bisa farantai ba. Kada kuma a raina randa da tukunyar sanyi. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke ajiye tumatir da yalo kwanaki ba tare da wuta ba.

Sai yanzu muka iso ga wuta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shiga kasuwa ya tambayi mai shago farantai nawa za su ishe shi. Mai shago bai san gidanka ba, abin da ke shagonsa ya sani. Ka zauna da takarda da alƙalami tukuna. Kowace na'ura an rubuta ƙarfinta a jikinta da wat. Ka ninka wat ɗin da awannin da za ta yi tana aiki, abin da ya fito shi ne wat-awa, kuma wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya da muka sani a mita. Ga misali. Ƙwan fitila shida na zamani masu wat 10, awa biyar, 300 ke nan. Fanka biyu masu tsimin wuta, wat 30 kowace, awa goma, 600. Talabijin mai wat 60, awa huɗu, 240. Cajin wayoyi da kwamfuta, a ce 200. Ƙaramin firji, wajen 1,000 a yini. Jimla 2,340, a cike ta zuwa 2,400. A ƙara sulusi saboda abin da ke salwanta a waya da batir da inbata, ya zama 3,200. A Arewa rana kan ba da abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi, amma mai hankali da wata mafi muni yake lissafi, watau Agusta mai hadari, sai ya raba da huɗu. Amsa ita ce wat 800, watau faranti biyu masu wat 400.

Yanzu ku dubi abin da zai faru in aka shigo da kayan zafi. Dutsen guga mai wat 1,000, in ya yi rabin awa, ya ci 500, fiye da abin da fitilun gidan duka suka ci a dare. Butar lantarki da hita da risho na lantarki duk 'yan gida ɗaya ne. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 900, in ta kwana awa takwas tana aiki, ta sha 7,200, ninki uku na bukatar gidan gaba ɗaya. Ga inda yawancin rigimar mai gida da mai haɗa sola take tasowa: an haɗa kaya don fitila da fanka, an wayi gari ana dafa ruwan wanka da su. Saboda haka rage bukata shi ne matakin farko, kuma ya fi ƙara faranti araha. A yi girki da gas, a yi guga da gawayi ko kuma da tsakar rana lokacin da farantai ke kan ganiyarsu, a sayi firji da fanka masu tsimi ko da sun fi tsada. Dole kuma kowa a gidan ya san wannan doka, daga uwargida har ɗan autan da ke son kwana da talabijin.

Farantai suna son kulawa. A kafa su suna fuskantar kudu, a ɗan kishingiɗe su kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa da ƙura su riƙa gangarewa. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, alhali bisa kwano da tsakar rana yakan haura digiri 60, sai ya rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Don haka a bar sarari tsakaninsa da rufi iska ta riƙa wucewa. Da hunturu ƙura kan lulluɓe su cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa wanke su da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, wanda ke nufin a kafa su inda hannu zai kai ba tare da an karye ba. Inuwar reshe ɗaya ko ta tankin ruwa bisa gefen faranti tana iya karya ƙarfin layin duka. A ɗaure su da ƙarfe sosai, saboda guguwar farkon damina da kuma masu dogon hannu.

Batir shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma ramin da kuɗi ke zurarewa. Faranti nagari yakan yi shekara ashirin ko fiye, batir kuwa ba ya kusantar haka. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, watau 1,200. Gidan da muka yi misali da shi yana bukatar irinsa biyu don ya ratsa dare da safiyar hadari. Zafi abokin gabarsa ne: bisa ƙiyasin masana, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana rage rabin kwanansa. Saboda haka a ajiye shi a wuri mai sanyi da iska, ba a ɗakin kwana ba, domin mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kuma yana son a riƙa ƙara masa ruwan batir. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, yana kuma jure caji sau dubbai, don haka in aka raba kuɗinsa bisa shekaru sau da yawa shi ne mai araha. Ko wanne aka zaɓa, daga watan da aka kafa shi a buɗe asusun canjinsa, a riƙa jefa wani abu duk wata kamar yadda da za a biya kuɗin wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai yi wannan tanadi ba zai wayi gari da farantai bisa rufi da duhu a cikin ɗaki.

In batirin dalma ya mutu kada a bar shi a tsakar gida yara su yi wasa da shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada kuma a yarda a fasa shi a narka a cikin unguwa. A mayar da shi ga dillalan da ke karɓar tsoho. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan gubar dalma, tun da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Haka nan a kula da wayarin. Wutar batir tana son waya mai kauri, siririyar waya takan yi zafi ta kama. A sa fis tsakanin batir da inbata, a binne sandar ƙasa saboda tsawa, a sayi inbata wadda za ta jure fizgar da firji da famfo ke yi lokacin tashi, domin fizgar takan ninka ƙarfinsu sau uku ko fiye. Kasuwa cike take da kayan da lambar jikinsu ta fi ƙarfinsu, saboda haka a sayi kaya wurin wanda zai ba da rasit da garanti, a kuma ɗauki ma'aikacin da za a iya zuwa a ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce. Araha ba ta ado.

Janareta kuwa a riƙe shi a matsayin ɗan ko-ta-kwana. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, wanda ya dogara da shi dare da rana albashinsa ne ke tafiya a hayaƙi. Hayaƙin kuma kisa yake yi. Iskar gubar da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, takan ɗauke iyali guda cikin barci. Kada a kunna shi a ɗaki ko a zaure ko a ƙarƙashin taga, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. A gina masa keji a waje, nesa da inda ake kwana. Hukuncin kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu shi ma haka yake.

Akwai kuma lissafin da ba a yi da alƙalami, shi ne na mutane. Mai gida yakan fita da safe ya dawo da dare, wadda za ta wuni a gidan ita ce za ta san zafin rashin ruwa da kaɗaici da nisan kasuwa. Duk wanda ya yanke shawarar ƙaura bai zauna da matarsa sun auna ba, ya ɗora mata kayan da bai tambaye ta ko za ta iya ɗauka ba. 'Yan'uwanmu mata da ke karanta wannan shafi, ku ma ku yi tambaya tun kafin a kai lefe: ina ruwa yake, ina asibiti, ina makaranta? A auna minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa da ƙarfe biyun dare cikin damina, in naƙuda ta tashi ko maciji ya sari yaro. A gwada ko waya na kamawa a filin. A tambayi halin tsaro daga bakin mazauna wurin, domin a zamanin nan gida tilo a bayan gari, ga farantai suna ƙyalli bisa rufi, ba abin wasa ba ne. Gara fuloti ƙarami a cikin mutane da makeken fili a inda in ka yi kururuwa ba mai ji.

Wannan ya kawo mu ga shawararmu ta ƙarshe, watau haɗin kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Burtsatse guda da tanki babba sun ishi gida goma, kuɗin da kowa zai zuba kuma bai kai rubu'in abin da zai kashe shi kaɗai ba. Haka wuta. Tun 2016 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshin unguwa, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta nuna cewa al'umma guda na iya haɗa bukatarta wuri ɗaya. Abokai biyar ko goma da suka gama karatu tare suna iya sayen fulotai a jere, su yi rijiya ɗaya, su ɗauki mai gadi ɗaya, su rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa a kan wanda zai riƙe kuɗi da yadda za a yi gyara. Rubutun nan shi ne ke tsare zumunci ranar da famfo ya lalace.

Kada wani ya fahimci cewa mun sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Asibiti da masaƙa da injin niƙa da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri ba za su tashi da faranti biyu bisa rufi ba, kuma talakan da bai iya sayen batir ba yana da haƙƙin wuta da ruwa daidai da kowa. Za mu ci gaba da faɗin haka da babbar murya. Amma kafin gyara ya zo, mutane na ta gini, suna ta zuba gumin shekaru a kan kayan da ba su fahimta ba. A nan ne al'umma take da bashi a kanmu. Ɗalibin injiniya ya iya auna bukatar gida, na ilmin ƙasa ya san inda ruwa yake, na zanen gini ya san yadda ake korar zafi, na shari'a ya san takardar fili, na likitanci ya san nisan da ya kamata tsakanin masai da rijiya. Muna kira ga ƙungiyoyin sassa su shirya bita a kan waɗannan abubuwa kafin a tafi hutu, kowa kuma in ya koma gida ya zauna da mai shirin gini a danginsa, su yi lissafin nan tare da harshen da zai gane. Ilmin da bai hana ɗan'uwanka hasara ba, takarda ce kawai a cikin akwati.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kuma ba kowa muhalli mai albarka, amin.

Edita